Mai Walda Ya Iso Daidai Amin

Bokiti ne ya fara faɗuwa. Na ji ƙararsa a kan siminti, sannan wani abu mai nauyi ya biyo baya, kamar an yar da buhu. Na ajiye almakashi na kasa kunne. Famfo na ta zuba, babu wanda ya rufe.

"Wane ne a nan?" na ce. Shiru.

Da na ɗaga labule sai na ga maƙwabcina Mai Walda kwance a gindin famfo, ruwa na bi ta ƙarƙashin rigarsa. Ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe a bayansa. Idonsa a buɗe yake yana kallona, bakinsa kuwa ya karkace, miyau na dalala.

Na san wannan bakin. Haka na tarar da na mijina shekarun baya, a bakin gado, da takalmi ɗaya a ƙafa. Na tsaya riƙe da labule. Ina ce wa kaina je ki mana, amma ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Sai da ya fara dukan ruwan da ke ƙasa da hannun hagu sannan murya ta zo mini, na kurma ihu.

Mai Shago na ƙofar gida ne ya shigo a guje, da wasu maza biyu da ke sayayya a wurinsa. Da ƙyar suka ɗaga shi, don ƙato ne. Suka sa shi a tasi, ni kuma na buga wa 'yarsa Auta waya a makarantar da take koyarwa. Ban ma san abin da na ce mata ba.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon famfo ɗaya. Bango ne kawai ya raba ɗakina da nasa. Mun daɗe tare, amma ba zan ce mun saba ba. Mutum ne mai zafi, hannayensa duk tabon tartsatsin wuta, in ya daka tsawa har kajin maƙwabta sai sun watse. A da shi ne mai babbar murya cikin mawaƙan cocinmu. Da matarsa ta kwanta ciwo an yi addu'a, an yi azumi, ta rasu duk da haka. Tun daga ranar jana'izarta bai ƙara taka coci ba. Fasto ya taɓa bin sa har wurin aikinsa, sai ya fito masa da guntun ƙarfe a hannu ya ce, "Ku gaya wa Allahn naku in yana nemana ya san inda nake." Fasto bai tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Ni kuwa ba na fashin Lahadi. A bencin gaba nake zama cikin mata, ina tafi ina waƙa. Amma tun rasuwar mijina baki ne kawai ke yi, zuciya na wani wuri. Ga shi ni ma an ce ina da hawan jini. Na daina zuwa awo, don ba na son jin abin da nas za ta faɗa.

Bayan 'yan makonni aka dawo da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Yayyen Auta duk suna nesa, sun zo sun gan shi sun koma. Da safe Auta ta tsaya a ƙofata da jaka a kafaɗa.

"Mama, don Allah ki riƙa leƙa mini shi. Ana tashi zan dawo, ba zan tsaya ko'ina ba."

Na ce mata to. Me zan ce? Amma ranar farko sai da na je ƙofarsa na dawo har sau nawa kafin na iya shiga.

Ɗakin na warin magani da fitsari. Gilashin waldarsa na rataye a ƙusa, takalman aikinsa na ƙarƙashin gado sun yi ƙura. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Kalma ɗaya ce ta rage masa a baki, ita ce "to". Mutumin da bai taɓa ce wa kowa to ba, yanzu ko ruwa yake so to, ko ya ƙoshi to. In na kasa gane abin da yake nufi sai ya yi jifa da kofi yana ihu, "To! To! To!" jijiyar wuyansa ta miƙe. Sai in fita in jingina da bango ina haki, ina taɓa fuskata in ji ko tawa ma ta fara karkacewa.

Wata rana da hantsi ina ba shi shayi da cokali, shayin na zuba a ƙirjinsa. Don in kwantar da hankalina sai na fara rera wata tsohuwar waƙar coci a hankali, irin wadda muka taso muna ji. Ban kai tsakiyar baitin farko ba sai na ji wata murya ta shigo ta ƙarƙashin tawa, mai kauri, a shaƙe. Na ɗaga kai. Shi ne. Kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya daga wannan karkataccen bakin, cikakku, babu wadda ta ɓace.

Cokali ya faɗi. Na tashi na yi waje. Na sha jin ana cewa mai shirin tafiya yakan ɗan farfaɗo kafin ya cika, na ce shi ke nan, a hannuna zai mutu. Na tsaya a gindin famfo ina jiran shiru. Shirun bai zo ba. Ya ci gaba shi kaɗai har ya kai ƙarshen waƙar, ya sake ɗaukowa daga farko. Da na leƙa, hawaye ya jiƙe masa matashi.

Likita ya ce wa Auta hakan na faruwa, wai waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Ni dai abin da na gani ke nan. Daga ranar kullum sai ya yi mini alama da hannu in fara, shi ya bi. A hankali magana ta soma dawowa, guntu guntu. Sunan Auta ya fara kira, ta durƙusa a gaban gado tana kuka tana dariya.

Kowa a gidan na murna, ban da ni. Auta ta same ni ina wanki ta rage murya.

"Mama, likita ya ce abin zai iya dawowa. Ya ce na biyun ya fi muni."

"Allah zai tsare," na ce mata, ban kalle ta ba.

Ban gaya mata cewa na sani ba. Mijina ma ya warke, har ya koma aiki, har muka yi godiya a coci. Na biyun ne ya ɗauke shi. Saboda haka duk sauƙin da Mai Walda ya samu, sai gabana ya ƙara faɗuwa. In ina ɗinki na ji ɗakinsa tsit, sai in tashi a guje. Kowace safiya kuma sai na tsaya gaban madubi na yi murmushin ƙarya, in duba ko bakina na daidai.

Wani yammaci na fito da shi kan kujera a ƙofar ɗaki don ya sha iska. Ya daɗe yana kallon famfo, sannan ya ce, "Maman 'Yan Biyu, zauna."

Na jawo kujerar tsuguno.

"A asibiti," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi, "na kusa da ni ya mutu. Da rana tsaka. Ina gani. Ina so in kira nas, baki babu. Ya kalle ni, na kalle shi. Har ya gama."

"Bar wannan maganar, Baban Auta."

"A'a. Ki ji. Na ce saura ni. Na ji tsoro. Ni ɗin nan. Har na jiƙa gado." Ya goge miyau da bayan hannu. "Ba mai ji na. Auta na kusa, ba ta ji. Sai na ce da Allah a ciki, kai da ba ka bukatar baki, ga ni. Da faɗa na fara. Na tambaye shi matata. Na yi ta yi har na gaji. Bai tafi ba."

"Ya amsa maka?"

"Bai ce komai ba. Amma Yesu na wurin. Kamar yadda kike sanin akwai mutum a ɗaki ko kin ba shi baya."

Can na ce, "To yanzu tsoron ya tafi?"

Ya yi dariya da rabin baki. "Ina fa! Yana nan. Kullum da safe sai na matse wannan hannun in ji ko shi ma ya tafi. Sai dai yanzu ba ni kaɗai ba ne a ciki." Ya juyo ya dube ni da kyau. "Ke fa? Ina jin ki kina gudu kina leƙa ni. Kina shan maganinki?"

Na ce masa na bar dutsen guga a kan wuta, na tashi. A ɗaki na zauna bakin gado. Ni da ban taɓa fashin Lahadi ba, ban iya faɗin abin da ya faɗa ba.

Shi da kansa ya sa Auta ta kira Fasto. Fasto ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, da Littafi Mai Tsarki a ƙirji, yana ta sannu Baba, sannu Baba, bai shiga ba.

"Shigo, Fasto," in ji Mai Walda. "Yau ba ƙarfe. Hannun ma ya yi ritaya."

Fasto ya yi dariya har ya cire tabarau. Suka daɗe a ciki. Ta bango na ji muryar Mai Walda na neman gafara, na ji Fasto na cewa, "Ya wuce, Baba, ya wuce." Da zai tafi ya ce ranar Lahadi za a turo mota ta ɗauke shi.

"A'a," ya ce. "Da ƙafata na fita. Da ita zan koma."

Wani abokin sana'arsa ya haɗa masa sandar ƙarfe mai ƙafafu, ya liƙa mata roba a ƙasa don kada ta zame. Ya fara koyon tafiya daga ƙofarsa zuwa famfo, daga famfo zuwa ƙofar gida, yana jan ƙafar dama tana kartar siminti. Ni ke bin sa a baya, hannuwana a buɗe, alhali na san in ya faɗo ba zan iya tare shi ba. Lahadin farko da ya shirya, a ƙofar gida ya tsaya. Ya kalli motoci da babura na wucewa, ya kalli mutane na kallon bakinsa, gumi ya keto masa.

"Mu koma," ya ce. "Yau ya fi ƙarfina."

Ranar bai ci abinci ba. Ta bango na ji yana magana ƙasa ƙasa, kamar mai rarrashin wani ko kamar wanda ake rarrashi.

Lahadin da ya yiwu, da wuri muka fita, Auta a damansa, ni a hagu. Cocin ba shi da nisa, lafiyayye ba zai ma ji tafiyar ba. Mu kuwa mun zauna a bencin mai gyaran takalma, mun zauna a dakalin kantin magani, mun jingina da turken lantarki. Wurin tsallaka titi ne ya fi ba ni tsoro. Mun kai tsakiya ƙafarsa ta maƙale, wata babbar mota ta taho tana oda. Na rufe ido na ɗaga hannu sama. Na ji ƙarar birki, na ji direba na faɗa, sannan ya ga ko wane ne ya yi shiru ya jira mu.

Da muka shiga coci, jama'a na tsaye, Fasto ya ɗaga hannu yana sa albarkar sallama. Abin da muka samu kawai shi ne amsawar jama'a. Mai Walda ya zube a bencin baya yana numfashi da ƙyar, rigarsa sharkaf.

"Baba, mun makara," in ji Auta kamar za ta yi kuka.

"Mun iso daidai Amin," ya ce. "Ta ishe ni."

Tsofaffin mawaƙa ne suka fara ganin sa. Ba wanda ya fita. Suka zo suka kewaye bencin, wani ya ɗauko waƙa, ya bi su daga zaune, idonsa a rufe. Ni ina kallon jijiyar da ke harbawa a gefen goshinsa, ina roƙon kada ta fashe a nan. A mota aka dawo da mu, wannan karon bai yi musu ba.

Ya sake zuwa wasu Lahadin, kullum yana ɗan rage makara. Har na fara sakin jiki. Na ma je awo, nas ta yi mini faɗa ta canja mini magani.

Ranar da abin ya zo ba ta da wata alama. Rana ce ta aiki, bayan azahar, gidan ba kowa sai mu biyu. Na cire wa wandunansa maɓalli na sa musu roba don ya iya ja da hannu ɗaya, na kawo masa. Yana zaune a kujerarsa ta ƙofar ɗaki. Ya karɓa ya ja robar ya saki, ya ce, "Kin iya aiki." Sai ya dafe ƙeya.

"Kaina," ya ce.

"Ciwo yake?"

"Kamar an buga guduma."

Kafin in ce wani abu ya yi amai a kan wandunan, ya fara sulalewa daga kujera. Na ƙwala wa Mai Shago kira. Ya leƙo, ya ga abin da ke faruwa, ya juya a guje neman mota. Na tare kafaɗarsa, nauyinsa ya kai mu ƙasa tare. Kansa ya sauka a cinyata.

Duk jikina cewa yake tashi ki gudu. Amma ya riƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, riƙon da sai da ya bar mini shaida. Idonsa ya firfito. Tsoro ne a ciki, tsantsarsa, ba zan yi muku ƙarya ba.

"Ina nan, Baban Auta. Mota na zuwa."

Leɓensa ya motsa. Na sunkuya.

"Yi," ya ce. "Yi."

"In yi me?"

Ya ɗaga ido sama, ya dawo da shi kaina. Na gane. Na buɗe baki, amma duk addu'o'in da na iya tun ƙuruciya suka gudu, ko ɗaya ban samu ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ga shi nan. Ga mu nan. Yana jin tsoro, ni ma ina ji. Kada ka tafi." Na sake faɗa. Na yi ta maimaitawa, don ba ni da wata. Ban san ko don Mai Walda nake yi ba ko don kaina, amma a karon farko cikin shekaru na ji cewa da wani nake magana.

Idonsa ya daina yawo, ya tsaya a fuskata. Numfashinsa ya koma kamar minshari, mai tsawo, da tazara a tsakani. Kowace tazara sai in riƙe nawa numfashin har nasa ya dawo. Yatsunsa suka fara sassautawa ɗaya bayan ɗaya.

A bayan tasi ma kansa na cinyata. Direba na ta oda yana kutsawa tsakanin motoci. Wata tazara ta zo, na jira, na jira. Mai Shago ya waiwayo daga gaba ya daɗe yana kallo, sannan ya taɓa kafaɗar direba ya ce ya rage gudu.

"Mama," ya ce a hankali, "rufe masa ido."

Auta ta iso asibiti da farin alli a yatsunta. Ta kalli fuskata, ta zauna a ƙasa a nan baranda.

An yi jana'iza, mawaƙa sun yi masa waƙa har muryoyinsu suka dushe. Yayyen Auta suka kwana biyu suka koma, masu gaisuwa suka ragu. Ni kuma in na ji wani abu ya faɗi a tsakar gida har yanzu sai in zabura. In hakan ta faru nakan zauna in faɗi 'yan kalmomin nan da na faɗa a ƙasa a ƙofar ɗakinsa, har numfashina ya daidaita.

Wata rana da la'asar, ina fama da rigar wata mata da za ta zo karɓa, Auta ta tsaya a ƙofata. Idonta ya kumbura.

"Mama, ɗakin ya yi mini girma. In ɗan kwanta a nan?"

Na ture ƙyallaye gefe na shimfiɗa mata tabarma. Ta kwanta ta takure, ta sa hannu ƙarƙashin kunci, nan da nan barci ya ɗauke ta. Saura kalmasar ƙasa a rigar. Na ɗauko allurar hannu na koma bakin ƙofa inda haske yake, na fara bi a hankali. Wani guntun jan zare ya maƙale a gefen hancinta, yana ɗagawa yana kwanciya.